Saƙon Baba a Cikin Waya

Ranar wata Litinin da hantsi, kwana tara bayan rasuwar Baba, na tsaya a bakin ɗakin shan magani na garinmu, wani ƙauye da ke gefen Goronyo, da wata ƙaramar waya mai shafawa ƙulle a bakin zanena. Shekarata goma sha ɗaya. Lokacin cire albasa ne, warinta ya cika gari, jakai na ta wucewa da buhuna daga fadama. Ban taɓa riƙe wayar ni kaɗai ba sai ran nan, shi ya sa kowane taku sai na shafa ƙullin.

Baba manomin rani ne. Tun da na yi wayo na san shi cikin fangalai, ƙafa duk laka, yana buɗe wa ruwan kanal hanya da fartanya. Ni ke kai masa fura da azahar, in kore awaki daga yabanya, daga nan in zarce wajen ƙawaye mu yi ta wanka a kanal har idanunmu su yi ja, mu dawo mu yi carafke a ƙofar gida. A shekarar nan ya bi motar albasa zuwa Kurmi tare da ƙanensa, Baba Sani, ciwo ya kama shi a can, aka rufe shi a can. Da Baba Sani ya dawo da jakarsa, sai ya gaya wa Inna cewa kwana biyu kafin cikawa Baba ya ɗauki muryarsa a waya ya turo mana. Wayar gidanmu kuwa ba ta nuna komai ba, don sabis ɗin garinmu kira ma da ƙyar yake ɗauka, sai an hau tudun makabarta. Inna na takaba, ba ta fita. Ni ce babba.

Wai-fai ɗaya ne a duk garin, na ɗakin shan magani, wanda ake aika rahoto da shi. Mai kula da wurin wata Kirista ce daga wajen Zuru, muna kiranta Anti Rifkatu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Zauna, ɗiyata, mu gani." Ta nuna mini wani farin akwati ɗan ƙarami a kan kanta, mai fitilu kore suna ƙyaftawa. Wayar ta ga sunansa, amma da an sa kalmar sirri sai ta yi ɗan tunani ta ƙi. Anti ta kashe ta, ta kunna. Ta goge sunan, ta sake nemo shi. Sai can ta gane cewa a takardar da aka rubuta mata akwai wani harafi da take ɗauka sifiri ne. Ta gyara, wayar ta sake ƙi, ga kuma mata masu awo sun cika benci. Ta ce in dawo gobe.

Na yi kwana huɗu ina wannan zirga-zirga. Sai na share tsakar gida, na ɗebo ruwa, na yi wa ƙannena wanka, sannan in kama hanya. Ran Talata batirin sola ya mutu, akwatin ya yi shiru. Ran Laraba Anti ta ce akwatin ya cika da wayoyin ma'aikata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙo su kashe nasu, ta tsayar da ni daf da kantar don kada bango ya tare. Wayar ta kama, alamar ta fito a sama, amma saƙo bai shigo ba. Duk yamma in na shiga gida Inna kan ɗago daga tabarma ta ce, "Mi anka ce?" In ce sai gobe. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ta juya ta fuskanci bango. Wani mai cajin waya a kasuwa ya ce a wanke wayar gaba ɗaya ta koma sabuwa. Anti ta hana, ta ce abin da ya tafi a wankin ba ya dawowa.

Ran Alhamis ta lura da agogon wayar. Ashe ƙanena ya taɓa cire batirin yana wasa, kwanan wata ya koma shekarun baya. Ta gyara shi da hannunta. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Anti ta miƙo mini ba ta buɗe ba, ta ce, "Kai ma Innarki. Ita za ta fara ji."

A ɗakin Inna muka saurara, mu biyar. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba, rabinta tari ne da ƙugin motoci. Ya ce jiki da sauƙi, kada a tada hankali. Ya ce kada a bar albasa cikin rana, a shigar da ita rudu, rumfar da ake ajiye ta. Ya ce, "Ki hana Kulu shiga kanal, ruwa sun yi yawa bana." Kulu ni ce. Daga nan ya ja numfashi kamar zai ƙara wani abu, sai maganar ta yanke. Inna ta sa na maimaita har batir ya ƙare. Ban ƙara wanka a kanal ba.

Bayan shekara biyu wayar ta mutu, babu wanda ya san ana iya kwashe murya a adana. An yi wa Anti Rifkatu canjin wurin aiki, ban ƙara jin labarinta ba. Yanzu akwai dogon ƙarfen sabis a bayan makarantar garinmu, 'ya'yana kan tura wa Inna murya sau goma a wuni, ta isa nan take, wani lokaci ma su goge ba su saurari amsa ba. Ni kuwa kalmomin Baba duk suna kaina, amma amon muryarsa ya fara ɓace mini. Wannan rashin ba shi da ranar ta'aziyya.