Danƙon Sikoc a Motar Surukina

Ana sallame sallar asuba muka bar Magarya, mu huɗu: ni, matata, gwaggonta, da wani abokina da ya nemi rage hanya. Dungas muka nufa, za mu suna, ƙanwar matata ce ta haihu. Motar kuwa ba tawa ba ce, ta surukina ce, kuma duk wanda ya san tsohon nan ya san ba a taɓa masa mota. Shuɗiya ce mai duhu, ta tsufa, amma pantirinta kamar jiya aka fesa. Shi yake wanke ta da hannunsa, shi yake fitar da ita, shi yake mayar da ita, don ƙofar gidan matsattsiya ce. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ba ni makulli ba sai ranar. Shi ɗin ma ba da bakinsa ba, surukata ce ta kawo saƙo: a je lafiya, a dawo da ita yadda aka ɗauke ta.

Damina ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Gero ya yi kai dama da hagu, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, amalanken shanu kuwa ba ya ba kowa hanya sai ya ga dama. Ramukan hanya duk sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa. Ina ta lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai, har wani mai kabu-kabu ya wuce mu da akuya a cinyarsa yana yi mini dariya.

Muna dab da Dantchiao Gwaggo ta hango wata tsohuwar ƙawarta a bakin gona. Ta murɗa gilashin baya don ta gaishe ta, sai muka ji ƙwal! Gilashi ya faɗa cikin ƙofa. Aka murɗa, aka jijjiga, aka yi bisimilla, ya ƙi fitowa. Ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ga turamen atamfa da buhun shinkafa na mai jego a kujerar baya. Muka tsaya wani kanti muka sayi leda mai kauri da sikoc, faffaɗan nan ruwan ƙasa da ake ɗaure kwali da shi, dala ɗari da hamsin. Abokina ya ce in bar masa aikin. Kai, mutumin nan bai san tsimi ba! Ya naɗe taga, ya haura rufi, ya sauko ƙofa, har hannun buɗewa bai bari ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shigo ba, muka yi ta yabonsa. Gwaggo ce kawai ta yi ƙorafi, ta ce an rufe ta kamar kayan waybil na tasha, don sai ta ɗaya ƙofar ta fita.

Suna ya yi albarka. An ci waina da miyar taushe, an sha fura mai nono har na rasa inda zan sa tuwon da ya biyo baya. Mutanen Dungas ba sa jin "na ƙoshi", sai dai su ƙaro maka. Muka kwana can. Washegari rana ta buɗe tarwai, motar na tsaye a fili tana shan zafi. Wani makanisiye ya kwance ƙofar ta ciki ya ɗago gilashin kafin in gama shan shayi. Na ce to, saura a ɓare sikoc mu kama hanya.

Na ja da ƙarfi, fiii. Sikoc ya fita, danƙonsa ya zauna. Layi-layi, daga rufi har ƙasan ƙofa, kuma kafin in rufe baki jar ƙasar da iska ke kwasowa ta manne a kai. Na sa yatsa na murza, ya ƙi fita. Motar da ko tsuntsu ya yi mata kashi sai tsohon ya fito da tsumma!

Daga nan ne na daina gane komai. Makanisiyen ya ce isansi, wato fetur, a jiƙa tsumma a goge. Mai facin taya na kusa da shi ya rantse isansi yana kashe hasken pantir, shi kananzir ya sani. Wani dattijo da ya zo wucewa ya zaro reza daga hularsa ya miƙo mini. Gwaggo ta ce toka da soso, ai da su take fitar da baƙin tukunya. Na ce Gwaggo, wannan fa ba tukunya ba ce. Abokina ya sa farce, farcen ya karye. Muka gwada ruwa da sabulun gari, danƙon ya ƙara yaɗuwa, ya koma kamar an shafa ƙullu. Kowa da maganinsa, kowa kuma yana cewa na ɗan'uwansa ne zai ɓata motar. Na ɗora rezar nan a kan ƙofa, na tuna fuskar surukina, na mayar wa dattijo abinsa. Muka taso haka nan da danƙon a jikin motar.

A Dantchiao muka tsaya sallar azahar. Gwaggo ta kwance ƙunshin soyayyen naman suna tana ci, ta dafa ƙofar da hannunta mai maiƙo tana ba ni haƙuri. Da ta ɗaga hannun sai ta ce, "Ikon Allah! Zo ka gani." Inda yatsunta suka murza, danƙon ya dunƙule ya fita, shuɗin yana ƙyalli a ƙasa. Ba ita ta sani ba, ba ni na sani ba.

Da gudu na je wajen mata masu ƙuli-ƙuli na sayo man gyaɗa rabin kwalba. Muka fara da wani lungu a ƙasan ƙofa, don in ya ɓata kada a gani. Bai ɓata ba. Sai muka shafe layukan duka, muka bar shi ya jiƙa a ɗumin rana, muka riƙa turawa a hankali da gefen wani tsohon katin roba, muna gogewa da ɗankwalin matata mai laushi. Motar ta ɗauki ƙamshin ƙuli, awakin garin suka kewaye mu, ɗaya har ta fara lasar ƙofa. Daga baya muka wanke man da sabulu da ruwa mai yawa.

Daɗi ya kwashe ni. Ina zagaya motar sai na lura da wasu guntayen farin sikoc, tsofaffi, sun yi dauɗa: biyu a gefe-gefen murfin inji, ɗaya a gindin gilashin gaba. Tun fitowarmu suna nan, ba mu muka manna ba. Na ce lallai tsoho ya rasa yadda zai cire su ne, bari in yi masa gwaninta. Na shafa mai, na goge, ko alama ban bari ba.

Bayan la'asar muka iso Magarya. Surukina yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye makulli a gabansa. Ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu. Ya shiga don ya mayar da ita ciki kamar kullum, ya tayar da inji, sai ya zauna. Ya miƙa wuya gaba, ya ƙanƙance ido, ya sa hannu yana lalubar gindin gilashi. Ni ina tsaye na rasa gane abin da yake nema. Can ya kashe motar ya fito, ya ce, "Yau na gaji. Shigar mini da ita." Na shigar da ita ina jin kaina a sama, wai an yarda da ni.

Sai da muka koma gidanmu matata ta gaya mini abin da uwarta ta raɗa mata. Yanar ido ce ta fara rufe wa Baba gani tun bara, ba ya ganin iyakar murfin motar. Farin sikoc ɗin nan shi ya manna abinsa, da shi yake daidaita motar da ginshiƙan ƙofa, kuma ya hana a gaya wa kowa. Wallahi sai lokacin na gane abin da na goge. Garin neman gira na tashi rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Da safe na sayi farin sikoc na koma. Na tsaya gaban motar da guntu a yatsa, na rasa inda zan manna, don na goge wurin tas. Ina cikin haka na ji takunsa. Bai dube ni ba, ni ma ban iya dubansa ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ya kama sitiyari. Na ɗora guntun a gefen murfin inji.

"Ƙara hagu kaɗan," in ji shi.

Na ƙara. Haka muka manna guda ukun, ba wanda ya ambaci ido.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Danƙon sikoc ba ya son reza, ba ya son gaggawa, man gyaɗa da haƙuri sun ishe shi. Sannan in ka ga abu manne a kayan mutane, tambayi mai shi kafin ka kira shi dauɗa. Surukata ta shawo kan Baba ya yarda a kai shi Damagaram ganin likitan ido ranar Litinin. Ya aiko a gaya mini ni zan tuƙa, amma fitar da motar daga gida, wannan shi zai yi.