Wa Zai Buɗe Ƙofar Bayan Wendell Amstutz?

Allah ya yi wa Wendell Amstutz rasuwa da safiyar Litinin, ashirin ga Oktoba, a kan kujerarsa, takalman aikinsa na ajiye a gefe. Shekararsa saba'in da huɗu. Matarsa Marjean ce ta tsallako titi ba ko rigar sanyi, ta iske ni ina zuba wa mutane kofi a shagona, ta faɗa mini. Allah ya gani, Wendell, kafin hawaye ya zo mini sai da na waiwaya na dubi jar ƙofar ofishin kwana-kwana. Na san ba ni kaɗai na yi haka ba a garin nan.

A takarda muna da 'yan sa kai masu kashe gobara sun fi ashirin, kai ne shugabansu, Cif muke ce maka. Amma tunda aka rufe masaƙa, duk mai ƙarfi a jika sammako yake yi ya tafi aiki birnin Columbus, sai magariba. Da rana kai kaɗai ne ka iya tuƙa babbar motar, kai da tsofaffi biyu masu ja maka mesa. Shagona na kallon ƙofar nan, saboda haka ni shaida ce. Kafin jiniya ta gama kukan farko sai ga akori-kurarka ta sha kwana. Na gan ka ka fito daga wurin aski an aske maka rabin kai. Na gan ka ka bar Marjean tsaye da kaya a kantin Ladd, ta dawo gida a ƙasa tana zaginka. A coci bencin baya kake zama, dab da ƙofa, har Fasto ya gaji da yi maka tsiya. Ranakun aiki ba ka taɓa zuwa inda kunnenka ba zai jiyo jiniya ba. Da 'yarka Lorna ta haihu can jihar Kentucky, sai da ka jira Asabar, ka ga jaririyar, ka juyo a ranar.

Kai ka ciro mijina Harlan daga ƙarƙashin tarakta, ka riƙe kansa kana ba shi labarin kamun kifi har motar asibiti ta iso. Shekara tara ya ƙara a duniya saboda kai. Ban manta ba, ko da muke faɗa.

Faɗa kuwa mun yi shi. Kai ka kawo shawarar a ƙara harajin gidaje a ɗauki mutum biyu masu albashi su zauna a ofishin da rana, aka ce sai mutanen gari sun jefa ƙuri'a a kai. Ni kuma na goya maka baya, don na gaji da gasa kaji da sayar da waina duk bazara muna tara kuɗin tayoyin motar. A taron gari Duane Rickenbach ya miƙe. Duane ba mugu ba ne, fansho yake ci, harajin da ke kansa ma da kyar yake biya. Ya ce, "Ni dai a gaya mini, yaushe jiniya ta taɓa kuka motar nan ba ta fito ba? To me za mu saya da kuɗinmu, abin da muke samu kyauta?" Aka tafa masa. Wani daga baya ya ce, "Ko dai Cif ne ke neman albashin tsufa?" Aka yi dariya, kai ma ka yi murmushi, amma na ga kunnuwanka sun yi ja.

Washegari na ajiye maka kofi da ƙarfi har ya zube. Na ce, "Wendell, kai ne hujjarsu. Muddin kana fitowa ba za su taɓa ganin ramin ba. Ka zauna a gida sau ɗaya tak kafin zaɓe, su ji yadda jiniya ke kuka ba mai amsawa."

Ka goge teburin da hannun rigarka, ka ce, "To, Bernice, zaɓa mini. Gidan wa?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ka ce, "Haka yake. Ba ta kuka sai gidan wani na ci da wuta. Faɗi sunan, in ya so in yi zamana."

Kwana biyu ban yi maka magana ba. Abin da ka ɓoye mini, sai a gidan makoki Marjean ta faɗa: tun watan Yuni likita ya ce a yi maka aikin zuciya, ka ce a bari sai bayan zaɓe, don in aka yi za a hana ka tuƙi wata da watanni. Wannan kam har yanzu ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba don kana kwance.

Ranar Juma'a muka kai ka a bayan motar da ka tuƙa. Duane na cikin masu ɗaukar akwatin, yana kuka wiwi, allon da ya rubuta A'A kuma na nan kafe a ƙofar gidansa. A bakin kabari aka kira lambarka ta rediyo kamar yadda aka saba yi wa ɗan kwana-kwana, aka saurara, aka sake kira. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, sai ranar Talatar da ta biyo baya.

Da hantsi jiniya ta ɗauka. Duk wanda ke shagona ya ajiye cokali. Ta yi ta gama, ta sake. Muka fito titi, mu da mai aski da matan gidan waya. Tsofaffin nan biyu suna tsaye da hulunan kwano a hannu, ba mai lasisin tuƙa motar a cikinsu. Duane ya fito bakin baranda yana duban hanyar gidanka, kamar ya manta. Hayaƙi na tashi daga gonar Sabine Oyler, bazawara mai 'ya'ya uku, wadda ta bi ka gida-gida kuna neman ƙuri'a. Kafin motar garin maƙwabta ta iso, rumbun ciyawarta da 'yan maruƙan da ke ciki sun tafi. Yaran suna makaranta, Allah ya tsare.

Ka ce in zaɓa maka gida, na kasa. Yanzu na san sunan, Wendell, na kuma san fuskarta, jiya ma ta zauna a kan kujerarka ta shagona ba ta iya shan kofin ba.

Talata mai zuwa za mu jefa ƙuri'a. Ban san yadda za ta kaya ba, allunan A'A ba su ragu sosai ba. Ko an ci zaɓen, sai sabuwar shekara za a ɗauki ma'aikatan, ga hunturu ya kawo kai, kowa zai kunna murhu.

Allah ya jiƙanka, Wendell, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marjean, da Lorna da mijinta, da jikanyarka June wadda ba ta samu ta san ka ba saboda mu. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma da ka bari muna kallon ƙofar nan, Allah ya tsare mana gidajenmu da rana.

Bernice Tuttle