Dattijon da Ba Ya Waigawa

A kasuwar Suk al-Arabi, wajen Ruqayya mai shayi, ana ta musu kan marigayi shugaban soja. Wani ya ce a zamaninsa burodi araha. Wani ya ce shiga kurkuku ya fi araha.

Ni idona yana kan wani dattijo da ban sani ba. Jallabiya fara ƙal, rawani a karkace, tsage uku a kowane kunci. Ya miƙe ƙafa har bakin hanya, yana kaɗa cokalin shayi.

"Azzalumi ne! Na faɗa yana raye, ina faɗa yana kabari."

Ko waigawa bai yi ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Da ganinsa ɗan ƙasa ne, kakanninsa suna kwance a maƙabartar Omdurman, ba a taɓa tambayarsa asalinsa ba. Ni a nan unguwar Alshajara aka haife ni, amma kafin in ambaci hukuma sai na duba bayana, kada a ce mini, kamar yadda ake ce wa jikokin baƙi irina, "Fallata, koma garinku."

Ya juyo. "Ya hajj, kai me ka ce?"

Yayana Habibu a kurkukun shugaban nan ya yi furfura.

"Allah ya jiƙan musulmi," na ce.

Ya kurɓi shayinsa da ƙara. Nawa ya huce a hannuna.