Bindigar Bayan Randa

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, da ya ajiye aikin koyarwa sai ya shiga tara tsofaffin bindigogi. Ba na harbi ba, matattu, waɗanda tsatsa ta riga ta ci. Biyu ya samu a hannun maharba wajen Guri, duka ƙirar maƙera. Shi kuwa ta soja yake nema.

To, akwai wata a ɗakina, bayan randa. Ta surukina ce, uban maigidana. An ce daga yaƙin Turawa ya dawo da ita, an kuma ce a'a, saya ya yi don korar dorina daga shinkafa. Ni dai a jingine na same ta, a jingine ta sha ambaliya biyu.

Ɗana ya zo ya kai ta hasken ƙofa, ya daɗe yana duban wani wuri kusa da kunamar bindigar. Ya ce, "Inna, jibi zan kawo wani tsohon soja ya duba ta. In ta soja ce, shi zai sani."

Bai ce kada in taɓa ba.

Mu kuwa, in baƙo zai zo, ba a nuna masa ƙarfe da dauɗa. Na ɗebo toka da yashin kogi, na matse lemun tsami, na zauna. Inda tsatsar ta yi kauri, kusa da kunamar nan, na sa dutsen goge kaushi. Wuni guda na yi. Ta fito fes kamar sabuwar tasa.

Tsohon sojan ya zo, muka gaisa, ya karɓe ta da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya shafa wurin da yatsa.

"Hajiya, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni."

"Sannu da ƙoƙari. Ko kwanon amarya albarka. Sai dai nan ne ake buga hatimi da lamba, da su ake gane ƙasar da aka ƙera ta."

Ɗana ya ce, "Baba, shekaranjiya na ga kamar kambi a wurin."

"Kamar kambi, ko kambi?"

Ɗana ya sake leƙa wurin.

Sojan ya ce jikinta dai na soja ne, amma maƙeran da ma sun iya kwaikwayo, shi ba zai rantse ba. Ya sha fura ya tafi.

Ɗana bai yi mini faɗa ba. Ya naɗe ta a tsohon zanena, ya ɗaure a bayan babur. Har ya tayar, sai ya kashe, ya dawo bakin zaure.

"Inna, takobin da ke ƙarƙashin gado, don Allah ki bar shi da dauɗarsa."