Yaka

Shekarar da aka samu mulkin kai na sayi garmaho da ribar atamfa, na ɓoye shi a shagona na zaure, a Ƙofar Rini. Faya-fayan kuwa wani direba abokina ke kawo mini daga Ikko. Ya ce kiɗan Kwango ne, ko'ina ya sauke kaya shi ake yi. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma jitarsu na shiga jikina.

Ɓoyon saboda Inna ne, mahaifiyata. Jikar malamai ce, ko kalangun biki ta ji sai ta yi a'uziyya. Ga kuma sunan ƙasar: Yayana ya tafi fatauci Kwango shekara bakwai, ba wasiƙa ba saƙo, har mun daina ambatonsa a gabanta.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata la'asar na saki faifai, ina kaɗa ƙafa, sai ga Inna tsaye bakin ƙofa da buta. Na kai hannu zan ɗage allura.

"Bar shi," in ji ta. "Wa wanga ka kira?"

Sai a lokacin na lura mawaƙin yana ta maimaita "yaka, yaka", kamar yadda ake kiran yaro a gidanmu. Na ce mutanen Kwango ne. Ta ajiye butar, ta zauna kan dandamali har faifan ya ƙare.

"Ashe suna cewa yaka," ta ce. "Mutanen da ka cewa haka ba su barin baƙo shi kwana da yunwa."

Na tambayi direban. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai a harshensu ma "zo" ake nufi, amma budurwa mutumin ke kira. Wannan bayanin ban kai wa Inna ba. Allah Ya yafe mini, ban yi nadama ba.

Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ta leƙo ta ce, "Sa muna mai kiran nan." Maƙwabta suka yi ta mamakin jikar malamai da garmaho, ita ko a jikinta. Ba ta kaɗa kai, ba ta murmushi. In an zo kan kalmar sai ta faɗe ta tare da shi a hankali, fuskarta na kallon hanya. Faifan ya sha allura har ya koma shashsheƙa, ba ta yarda an canza shi ba.

Yanzu jikokina na nuna mini a waya yadda mawaƙan Kwango ke cika filaye a ƙasashen Turai, Turawa na rawa. Ina taya su murna, amma kunnena kalma ɗaya yake jira, kuma in ta zo kewar Inna ce ke kama ni. Shekara huɗu ta yi tana kiran ɗanta da wannan kalmar kafin ta rasu. Yaya bai zo ba.