Ganyen da Na Tsinko wa Mma a Bayan Kawukudi

Shekarun baya, cikin wata damina, muka dawo da mahaifiyata, Mma, gida unguwarmu Nima bayan ta yi doguwar jinya a asibiti. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Likita ya ce magani ya yi nasa, saura ta ci, in ba haka ba gado na jiranta. Matata ta yi tuwo da miyar ayoyo, ta dama koko, ta dafa shinkafa da wake. Mma sai ta ɗanɗana ta ture kwano. Kullum wuyan hannunta ƙara sirancewa yake yi.

Ran nan da safe ta ce abu ɗaya ranta ke so, kwaɗon tafasa, irin wanda suke ci a ƙauyensu can Nijar. Ni kuwa a Nima aka haife ni. Na ci tafasa a kwano ina yaro, amma ban taɓa ganinta a tsaye cikin ƙasa ba. Na zaga kasuwar Agbogbloshie, kontomire, wato ganyen gwaza, da zogale ko'ina, tafasa babu. Wani abokina direban motar albasa ya yi mini dariya, ya ce ciyawa ce, ga ta nan ta cika wani fili a bayan unguwar Kawukudi. Ya ce in duba fure rawaya, da 'ya'ya dogaye kamar na wake.

Na je na ga fure rawaya, na ga 'ya'ya dogaye, na cika buhu. Matata, wadda ita ma a birni ta girma, nan Maamobi kusa da mu, ta ce ganyen nan yana da wari. Na ce mata haka ganyen daji yake, sai ka ce wanda ya tashi a gona. Ta dafa, ta daka ƙuli-ƙuli, ta kwaɗa da albasa. Na kai wa Mma kwanon da hannuna, na ɗaure ragowar rassan a bayan keke don in ba maƙwabta, na kama hanyar wurin aiki.

A kusa da masallaci akwai wani tsoho mai sayar da saiwoyi da sassaƙe, kowa Baba yake ce masa. Ya tsayar da ni ya tambayi wa ke zazzaɓi a gidanmu. Na ce babu kowa, tafasa ce na samo wa tsohuwa. Ya zari ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci.

“Ɗana, wannan rai-ɗore ne. Magani ne, ana dafa shi a yi surace. Ba a cika wa mai jinya kwano da shi. Cikinta zai ɓare, ita kuwa ba ta da ƙarfin wannan.”

A nan na bar keken. Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na tarar da matata tana wanke kwanon, fuskarta cike da murna, ta ce Mma ta cinye tas. Na wuce ta da sauri. Na shiga ɗaki na samu Mma kwance, ta ba ƙofa baya. Na kira ta sau biyu kafin ta juyo. Na tambaye ta ko da gaske ta ci. Sai da ta leƙa ta tabbata matata ba ta kusa, sannan ta nuna mini ƙarƙashin gado. Ga kwaɗon nan a ƙulle cikin leda, ko loma ɗaya ba ta taɓa ba.

“Tun kana bakin ƙofa na ji warinsa,” in ji ta. “Kai ka sha rana, yarinyar nan ta sha daka. Da wane baki zan ce muku ba shi ba ne?”

Na zauna a ƙasa ina haki. Ta dube ni ta fashe da dariya har da tari, wai jikan manoma bai san tafasa ba. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta kwanta.

Washegari Baba ya bi ni filin. Ashe tafasa da rai-ɗore tare suke tsirowa, kafaɗa da kafaɗa. Ya nuna mini ganyen tafasa kansa a zagaye yake, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne. Ya ce in tsinki matasan ganye kawai, a zubar da ruwan dahuwar farko. Wannan karon da aka kwaɗa, ina zaune gaban Mma ta ci, har ta suɗe hannu. Daga ranar cin abincinta ya dawo.

Na daɗe ina tunanin abin. Ni na ɗauka sanin sunan abu shi ne saninsa, ga girman kai ya hana ni tambaya, alhali a layinmu kaɗai akwai tsofaffin da suka san kowane ganye da hancinsu. Yanzu da nake zuwa ajin karatun manya, na ware littafi guda ina rubuta abin da suke gaya mini, a hankali, da irin rubutuna. Mma na nan da ranta. Duk shafin da na gama sai na karanta mata, kuma har yau ba ta bar ko ɗaya ya wuce babu gyara ba.