Falalu da Fiyanon Korar Jan-baki

Shekara talatin ke nan Falalu yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Talata Mafara. Mutum ne mai son jin cikin kowace na'ura. Ko agogo ka ba shi ajiya, sai ya kwance ya leƙa.

Wata Talata wani ɗan gwangwan ya sauke kayansa a gaban rumfar. Falalu ya hango wani tsohon fiyano na lantarki, gefensa katako, fuskarsa cike da maɓallan murɗawa sun fi ashirin. Ya saye shi, ya yi kwana tara yana bin wayoyinsa da dalma. Ran na goma ya danna, abin ya yi wani gurnani har mai shayi ya zubar da kofi.

Falalu ya dinga tsalle kamar ba dattijo ba. Ya gano babu muryar da aka ɗauka aka ajiye a ciki, wuta ce kawai ke zama sauti. Ka murɗa nan ya yi kauri kamar injin ban-ruwa, ka murɗa can ya sirance ya koma fito. Murya ɗaya yake yi a lokaci guda, in ya ɗau zafi kuma sai ta kauce.

Ana haka Labaran, amininsa manomin shinkafa daga Damri, ya zo. Bayan sun gama gaisawa Falalu ya murɗa masa wata ƙara mai tsini. Labaran ya miƙe zumbur.

"Malam Falalu, wanga ai kukan shaho na! Maimaita mani!"

Tsuntsayen jan-baki sun addabi gonarsa, sun saba da kaɗa gwangwani da ihu. Washegari suka ɗaura fiyano da batir da lasifika a babur. Falalu ya zauna a kan kunya ya danna. Tsuntsaye suka tashi duu, sama ta yi baƙi! Labaran ya jefar da hula yana kabbara.

Duk lokacin da tsuntsayen suka dawo, sai Falalu ya sauya musu kuka. Har aka yi girbi ba su gane kansa ba.

Bana manoman Dosara sun aiko neman Falalu tun shinkafa ba ta fid da kai ba. Falalu ya ce su yi masa rumfa, don rana na ɓata wa abin murya.